Rubutun da Ke Jikin Ƙofar Direba

Dada ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffin unguwarmu a Jega suke buɗewa. Ita sai ta gyara zama a kan buzunta, ta tura itace cikin wuta da ɗan yatsan ƙafa, ta ce, "Mota ta cika?" Mu amsa baki ɗaya, "Ta cika." Sai ta ce, "To kowa shi riƙe kayanai, mun tashi." In ta kai ƙarshe kuwa cewa take, "Mun iso, kowa shi sabka." Abin dariyar shi ne, a duk tsofaffin da na sani babu wadda ta ƙi jinin mota kamar Dada. Warin mai kawai in ta ji sai ta toshe hanci da gefen zane. Ban taɓa tambayar kaina inda ta samo wannan buɗewa ba sai da na girma.

Kakata ce, wadda ta haifi babana. Bafillatana ce daga wata ruga kusa da Kimba, aure ya kawo ta Jega tun tana da ƙuruciyarta. A lokacin da nake ba da labari yanar ido ta riga ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Amma kunne, Allah ya ba ta. Akuya na sa baki a kwandon dusa can bayan rumbu, Dada za ta kira sunanta daga ɗaki. Ni take kira angonta, kullum kuma cikin ƙorafi take wai mazan mutane suna kawo wa matansu goro, nata sai tsoffin gwangwanaye.

Da sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i ake hura wuta a ƙofar ɗakinta. Ni da ƙanwata Luba da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye, a binne dankali cikin toka, kowa ya sa wa nasa ido. Lokacin ne kuma albasar Aliero ke fitowa, manyan motoci suna ta wucewa a titi, iska na kawo mana warinta har tsakar gida. Wannan warin na babana ne. Har yau in na ji shi sai na waiga.

Direba ne babana, yana jan roka mai bodin katako, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Ina aji biyu a firamare ya tafi bai dawo ba. Hatsari ya rutsa da su a hanya, can aka rufe shi, motar ma ba ta dawo ba. Hotonsa guda ɗaya ne a duniya, na jikin lasinsa, shi ma ya tafi tare da shi. Bayan takaba Innarmu ta koma gidansu a Maiyama, aka bar mu a wurin Dada.

Shi ne ɗanta na fari, kuma kowa ya san yadda Fulani suke da ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo, ta amsa a taƙaice kamar wadda aka tsare a hanya. In dole ta yi maganarsa sai ta ce "mai motar nan". Ranar da labari ya iso, mata suna ta kuka a tsakar gida, Dada ta yi salati, ta ja numfashi, ta tambaya ko an ba awaki ruwa. Na ji da kunnena, kuma abin ya tsaya mini a rai. Yaro bai san kunya irin wannan ba. Ni abin da na gani shi ne uwa ta rasa ɗa ba ta zubar da hawaye ba.

Bayan shekara biyu sai wani abu ya fara ba ni tsoro. Ina rufe ido in nemi fuskar babana, sai in ga hula, in ga riga, in ga hannu a kan sitiyari, fuskar babu. Luba ma ba a maganarta, ƙarama ce ƙwarai lokacin da ya rasu. A gidan kuwa babu mai ambatonsa, saboda babu mai son ya sa tsohuwa jin nauyi. Na ga kamar ana share mutumin nan daga duniya a gabana, ni kaɗai nake riƙe da shi, kuma yana zame mini.

Abin da ya rage mini a ka sarai shi ne motar. Don haka na ce zan yi ta.

Duk yaron Jega na lokacin ya iya motar kara, manya kuma sun wuce zuwa ta waya mai dogon sitiyari da ake turawa a lungu. Ni tawa ba ta turawa ba ce. So nake in an ajiye ta a ce ga motar wane. Na tara gwangwanayen madara da na tumatir, ina farke su da tsohuwar wuƙa, in baje su da dutse, in lanƙwasa a kan guntun katako har kan motar ya fito da hancinsa. Bodin kuwa da ɓawon kara na yi, na fere shi siri-siri, na jera kamar katako, na kafe da ƙayar aduwa. Tayoyi daga tsohon silifa, in ɗora bakin gwangwani a wuta in danna ya yanke da'ira, na baya bibbiyu kamar na gaske. Gilashi daga farar roba, fitilu daga murfin kwalba, manni kuma ƙaro da na jiƙa a ruwa. Wani mai fenti a tasha ya ga na dame shi da kallo, ya bar mini gindin gwangwanin kore da na fari. Luba ta ɗinka mini 'yan buhuna, muka cika su da 'ya'yan kalgo suka zama albasa. Hannuna duk ya tsattsage, Dada tana shafa mini man shanu tana cewa ta auri maƙeri ba ta sani ba.

Shekarun ne aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu Jihar Kebbi, kowa yana ji da sabon abu. Yara duk sun goge lambobin motocinsu sun rubuta KB. Ni ma na rubuta, don kada a bar motar babana a baya. Na miƙar da komai, na goge komai, fenti yana ƙyalli. Abokaina suka ce ko a Birnin Kebbi babu irinta.

Da dare na kawo ta bakin wuta, na ɗora wa Dada a cinya. Ta bi ta da yatsu a hankali, daga hanci zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bodi, ta juya tayoyin, ta matsa 'yan buhunan.

"Wagga motar wa ta, angona?"

"Ta Baba ta."

Ta sake shafawa. "Mota dai ta, kuma ta yi kyawo. Amma ni ban san ta ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ina za ki san ta, ke da ko kallonta ba ki yi?"

Yara suka yi tsit, don ba a yi wa Dada irin wannan magana ko da wasan jika. Ta miƙo mini motar, ta tura itace cikin wuta, ta ce, "Mota ta cika?" Aka amsa mata, ban da ni.

Tatsuniyar wani ɗan makiyayi ta yi mana, wanda yake da baƙin bijimi da suka tashi tare tun yana maraƙi. Wata damina suna ƙetare gulbi, ruwa ya fi ƙarfin bijimin ya tafi da shi. Yaron ya ƙi ci ya ƙi sha. Sai ya ɗebo laka ya gina siffar bijimin, don ya riƙa nuna wa mutane a kasuwanni ko wani ya gan shi. Da yake yana ƙaunarsa, ya yi shi santalele, ƙahoni biyu a miƙe, tozo a tsaye, babu tabo ko ɗaya. Ya ɗauka ya shiga duniya yana waƙa. Dada takan rage murya in ta zo nan, ta rera ta hanci:

"Wa yag ga baƙina, wa yag ga baƙina,
Ruwa ya ɗauka bai maido ba,
Ga kamatai bisa hannuna."

Kowace kasuwa ya je sai a ce masa an gani mana, a kai shi a nuna masa baƙin bijimi, ya duba ya ga ba nasa ba ne. Aka nuna masa bijimai har ya gaji, ƙafarsa ta kumbura. Rannan ya zauna yana kuka kusa da wata tsohuwa mai sayar da nono. Ta karɓi lakar ta jujjuya, ta ce masa, "Ɗana, wanga bijimin kowa na. Naka ba shi da aibu ko guda?" Yaron ya ce yana da shi, ƙahonsa na hagu ya karye ranar da ya tare masa kura, kunnensa ɗaya kuma ƙaya ta tsaga. Ta ce to don me bai sa ba? Ya ce ba ya son mutane su ga bijiminsa da nakasa. Tsohuwar ta ce, "Ka gyara shi har ka ɓad da shi." Ta sa yatsa ta ɓalle ƙahon, ta tsaga kunnen da farce, ta miƙa masa.

A kasuwa ta gaba, yana ɗaga lakar wani mai kwalekwale ya ce ai shi ya jawo wannan bijimin daga ruwa. Wani manomi ya ce shi ne ya cinye masa wake, har yanzu yana jin haushi. Wata yarinya ta ce ta ba shi ruwa a bakin rijiya, ya lashi hannunta. Kowa da abin da ya sani game da shi, yaron yana bi yana tsinta.

Nan Dada ta tsaya. Luba ta ce, "To ya gane shi?"

"Ya ishe waɗanda sunka san shi."

"Bijimin fa, Dada?"

"Mun iso," in ji ta. "Kowa shi sabka."

Yara suka watse suna gunaguni wai tatsuniyar yau ba ta da ƙarshe. Na sunkuya zan ɗauki motata, sai na ji ta yi magana. Ba da ni take ba, da wuta take.

"Ƙohwar hauni, wajen mai tuƙi, ƙasa ga mariƙi, akwai wurin da yal lotsa. Awa tahin hannu."

Na tsaya riƙe da motar. Gaskiya ne. Akwai wannan lotsawar, wani ɗan amalanke ne ya buga masa a kasuwar Aliero, na sha sa hannuna a ciki in na zo hawa. Na manta da ita sam, ko in ce na ƙi tuna ta, don ina son motar babana ta fi ta kowa kyau. Ina kwance a tabarma sauran suka yi ta zuwa da kansu. Fitilar dama tana kallon ƙasa. Gilashin gaba ya tsage daga kusurwa. Akwai katako ɗaya a bodi da aka sauya, ba a yi masa fenti ba. Motar takan ɗan kwanta gefe in an loda ta. Lambarta kuwa SO ce, domin babana bai ga Jihar Kebbi ba. Sai kuma na tuna wani abu a jikin wannan ƙofar, sama da lotsawar kaɗan, wanda a kansa na fara haɗa baƙi tun kafin malamin aji ya koya mini.

Na shafe kwanaki ina ɓata abin da na sha wahalar gyarawa. Na sa ɗan dutse na lotsa ƙofar. Na karkatar da fitila, na tsaga gilashi da allura, na cire kara ɗaya na sa wanda ba fenti. Na kwaɓa jar ƙasa na shafa a ƙasan bodi da tayoyi, na ɗebo baƙin tukunya na goga inda hayaƙi ke fita. Abokaina suka ce na haukace. Rubutun ƙofar ne ya fi ba ni wuya, don wurin bai kai faɗin farcen babban yatsa biyu ba. Da tsinken tsintsiya na yi shi, ina tsomawa a farin fenti ina ɗiga baƙi ɗaya-ɗaya, ina riƙe numfashi. Fentin ya yi kauri, ya bushe da tudu.

Daren da na mayar mata da ita, na ɗora mata a cinya. Yatsunta ba su yi yawo kamar wancan karon ba. Kai tsaye suka tafi ƙofar hagu, babban yatsanta ya faɗa cikin lotsawar ya zauna. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, a hankali, "Wagga na san ta."

Yatsan ya matsa sama kaɗan ya ji tudun fentin.

"Mi na wanga kuma, awa tsabar gero?"

"Rubutu na."

"Mi anka rubuta?"

Ni ma ban taɓa faɗar sunan babana a gabanta ba, ɗa ba ya kiran sunan uba haka kawai. Amma ta tambaya, kuma yara duk suna kallona. Na ce, "An rubuta, Ummaru na Dada."

Dada ta sake bin tudun fentin da yatsa.

"Kai kaƙ ƙara shi?"

"A'a, Dada. Hakanan yake ga motar. Shi da kainai yas sa anka rubuta."

"Tun yaushe?"

"Tun da nis san motar."

Ashe ba ta sani ba. Rubutun ƙanana ne, na boko, matan gidan ba mai karantawa, mazan da suka iya kuwa wa zai tari Dada da irin wannan magana? Shekara da shekaru motar tana kwana a ƙofar gidanta da sunanta a jiki, tana zuwa kudu tana dawowa da shi.

Ta karkato da kai wajena. "Kunnen ga nau ya mutu, angona. Ban jiya ba. Sake hwaɗi."

Matar da ke jin akuya a bayan rumbu. Na sake faɗa. Ta ce iska ta ɗauke, in ƙara. Na ƙara. Ta ce in daina haɗiye magana kamar wanda bai ci tuwo ba, in faɗa da kyau. Na faɗa da kyau, na ja sunan yadda abokansa suke ja in sun zo sallama a ƙofar gida. Ta sa gefen zane ta goge ido, ta ce wane ne ya sa ɗanyen itace a wutar nan, hayaƙi ya ishe ta. Itacen busasshe ne, ni na faskara shi.

Luba, da ba ta gane abin da ake ciki ba, ta ja ta da zane. "Dada, mota ta cika."

"Yau ba mu tahiya," in ji Dada. "Yau mota ta kwana gida."

Ba ta mayar mini da ita ba. Ta shiga da ita ɗaki, ta ajiye a bayan ƙoren nononta, ni kuma ban tambaya ba.

Sai da na zama saurayi na je Maiyama gaishe da Inna, hira ta kawo mu kan wannan, na tambaye ta yadda aka yi Dada ta san lotsawar, alhali ko kusa da motar ba ta zuwa. Inna ta yi murmushi ta ce ita ma sau ɗaya ta gani, tana goyon Luba. Duk ranar da babana zai yi tafiya, Dada takan fita kafin kiran assalatu da buta a hannu kamar mai zagayawa. Sai ta zare sakata, ta je ta ɗora tafin hannunta a ƙofar direba, ta yi addu'a ta tofa, ta dawo ta kwanta. In gari ya waye ya zo sallama, ta juya masa baya ta ce Allah shi kiyaye, kamar da baƙo take. Inna ta ce kuma duk garin babu mai rigan ta jin hon ɗinsa daga titi. Sai ta tashi ta ɗora ruwan tuwo, ta ce ita dai yunwa take ji.

Yanzu na haura shekarun da babana ya yi a duniya. Aikina daban, amma ban bar haɗa motoci ba. Ina da ɗan ɗaki a bayan gida, da almakashin kwano da ƙananan burushi da fenti kala-kala, abubuwan da yaron nan mai tsinken tsintsiya bai taɓa mafarkinsu ba. Tsoffin direbobi sukan zo su ce in yi musu motar da suka taɓa ja. Ba na fara tambayarsu launi. Cewa nake su gaya mini inda ta lotsa, da abin da aka ɗaure da igiya, da ƙofar da ba ta buɗuwa sai an daka mata kafaɗa. Da farko sukan ce a bar wannan, a yi ta sabuwa. In na matsa sai su fara, kuma da wuya mutum ya gama bai shiga labarin wani da ya rasu ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar nan na masu sana'a ne, wato kada ka gyara abu har ka ɓatar da shi. Daga baya na ga ni ma na yi wa Dada irin abin da yaron ya yi wa bijiminsa, ta wata fuskar. Na gina wa kaina siffar uwa mai kuka da kiran suna, na yi ta yawo da ita ina cewa Dada ba ta yi kama ba. Ita kuwa tata ƙaunar a rufe take, haka aka raine ta, haka ta raini ɗanta, shi ma ya rubuta tasa a inda ya tabbata ba za ta karanta ba. Kowane dare kuma tana cika mota ta tashi da mu, ta kai mu lafiya, ta sauke. Tatsuniyar ba ta ƙarasa ba don ba ta yi mana ƙarya. Yaron bai sami bijiminsa ba. Ni ma fuskar babana ba ta dawo mini ba har yau, kuma na daina jin tsoron hakan.

Da Dada ta rasu, matan da suka gyara ɗakinta suka kawo mini wani ƙunshi da suka samu a ƙarƙashin matashinta, naɗe cikin tsohon zane. Motar ce. Karan bodin ya rube, taya ɗaya ta fita, amma koren fentin yana nan ko'ina. Wuri ɗaya ne kawai babu shi. A ƙofar direba, sama da lotsawar, rubutun ya goge tas, yatsa ya cinye shi har gwangwanin ya fito fili yana sheƙi.

Tana ajiye bisa wata kanta a ɗakina, ina da farin fenti da burushin da zai rubuta shi cikin minti kaɗan. Ban taɓa mayar da shi ba.